Lallen Izinin Kasuwa

An ce wani sarki aka yi a wani birni mai jar ganuwa, wanda babu abin da ya tsana a duniya kamar algus. Tun yana ɗan sarki ya ga an sayar wa talaka naman mushe, ya ga nono rabinsa ruwa, ya ga mudun da aka buga wa gindi don ya rage ci. Da sarauta ta zo hannunsa sai ya rantse ba mai kasa kaya a kasuwarsa sai da izini. Niyyar dai kyakkyawa ce, wannan ban ja ba. Amma ku ji yadda aka bi da ita.

Waziri ya kawo shawarar a riƙa rubuta izinin a takarda. Sarki ya ce takarda ana sace ta, ana kwaikwayonta, kuma yawancin talakawansa ba su karatu. Yana cikin wannan tunani wata safiya sai gimbiya ta miƙo masa ƙoƙon ruwa, ya ga lallen da ke hannunta ya kama jawur. Nan take ya ce ya samu: izinin da ba a sacewa shi ne wanda ke jikin fata.

Aka yi shela. Duk mai son ciniki sai ya bi ƙofa biyar: ta Sarkin Kasuwa, ta sarkin sana'arsa, ta Ma'aji, ta Alƙali, sannan ta Waziri. Kowannensu zai ɗora masa lalle a cikin yatsa guda da irin nasa zane. Ranar da yatsu biyar suka yi ja gaba ɗaya, ranar ya halatta ya yi ciniki. Kuma don kada a yi son kai, sarki ya sa aka huda 'yar taga a jikin kowane zaure, mai nema ya zura hannu daga waje, kada mai ba da izini ya ga fuskarsa balle ya san ɗan wane ne. Fadawa suka yi ta jinjina. Sai ga maza da gemu suna yawo da ƙunshi, abin dariya abin tausayi.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana da azahar sarki ya kishingiɗa a lambunsa, gindin bishiyar lemo, ruwa na gudu a 'yar magudana kusa da kansa, har barci ya ɗauke shi. Sai ya ga kansa a tsakiyar kasuwa rana tsaka, amma shiru kamar maƙabarta. A kan kowace tabarma akwai hannuwa, ba mutane, hannuwa kawai, jajaye masu taushi, sun kwanta suna barci. Ya ɗaga kai sai ya ga waɗansu hannuwan, baƙaƙe masu kanta, sun taso daga bayan ganuwa garke-garke kamar balbelu, wani riƙe da guduma, wani da allura, wani da curin yumɓu, sun nufi gabas. Ya yi ta kiransu su dawo, amma hannu ba shi da kunne. Ya farka a firgice.

Ya gaya wa Waziri. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai bushara ce. Masu gaskiya sun samu hutu, 'yan algus sun gudu." Sarki ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Akwai wani tsoho ana ce masa Malam Arzika, yana zaune bayan gari a bakin kududdufin da magina tukwane ke ɗibar yumɓu. Ba ya zuwa fada, ba ya karɓar kyauta, amma an shaide shi da sanin mafarki. Sarki ya sa tsohuwar riga, ya naɗa rawani har baki, ya fita shi kaɗai ya same shi.

Da suka gaisa tsohon ya ce, "Ya sarki, zauna, buzun ba shi da ƙaya."

Sarki ya ce, "Wa ya gaya maka ni ne?"

"Tafin hannunka. Rabon da in taɓa abu mai laushinsa tun ina goye."

Sarki ya yi murmushi ya faɗi mafarkinsa. Da ya gama, tsohon ya ce, "Ya sarki, wane tsani ne duk wanda ya kai matakinsa na ƙarshe sai ya tarar na farkon ya ruɓe, a ce ya sauko ya sake?"

Sarki ya ce, "Babu irinsa a ƙasata. Da akwai da na sa an ƙone shi."

"To wane ruwa ne ke wanke mai gaskiya har ya koma mai laifi, ya bar malalaci da tsarkinsa?"

"Wannan ma ban san shi ba. Malam, fassara na zo nema, ba kacici-kacici ba."

Tsohon ya nuna masa wata mata can nesa, ta duƙa tana zagaya wata babbar randa tana shafa mata baki. Ya ce, "Waccan Yalwa ce. Duk rani tana gini, ga randunanta can jibge a ƙofar gari, ba ta da izinin shiga da su. Rumbunta ya ƙare, marayun ɗanta na gida, damina kuma ta kusa, in ta sauka ba sauran gini. Dogarawanka sun ce ranar kasuwar da za ta zo bayan tsayuwar wata, duk kayan da aka tarar a ƙofa ba izini za a farfasa. Ita ce fassarar mafarkinka. Amma abin da kunne ya ji yakan manta, abin da hannu ya ji ba ya mantawa. Ka gina kasko ɗaya da hannunka, ka nemi izinin sayar da shi kamar kowa. Sharaɗi guda: kada ka ci sai abin da hannunka ya samo maka a ranar."

Sarki ya yi dariya. Dokarsa ce, shi ya shimfiɗa ta, yaya za ta gagare shi? Ya koma fada ya ce zai shiga halwa, kada kowa ya neme shi, ya bar wa Waziri gari. Da gari ya waye Malam Arzika ya kai shi wurin Yalwa a matsayin baƙo mai neman aikin ci da baki.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan zai iya kwaɓa yumɓu kuwa? To bisimilla, ɗan nan. Tuwo dai babu yawa, amma ba za ka kwana da yunwa ba."

Ya fara. Ya tattaka yumɓu, ya ɗebo ruwa, ya tara kara da kashin shanu na gashi. Tana gini tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, randa na tasowa tsakanin hannuwanta a hankali, shi kuma yakan tsaya ya saki baki har sai ta daka masa tsawa. A tsakanin aiki ya gina kaskonsa. Wallahi ko kare ba zai yi alfahari da cin abinci a cikinsa ba, baki a karkace, gindi ba ya zama daidai. Amma da aka fito da shi daga wuta bai fashe ba, sarki ya rungume shi da zafinsa, ya ji daɗin da bai ji ba ranar naɗinsa.

Sai neman izini. Sarkin Kasuwa ya ɗora masa lalle a babban yatsa, ya zauna rabin yini kafin ya kama, ranar da ƙyar ya ci. Sarkin magina ya tafi jana'iza ƙauye, sai da aka jira shi. Ma'aji yana rangadi. Alƙali yana kan rabon gado, a dawo jibi, jibin ta zo aka ce a dawo gata; da ƙyar dai ya samu nasu, saura na Waziri. A kowane layi yakan ga waɗansu mutane masu ƙiba sun cusa hannu cikin zunguru, doguwar ƙwaryar nan da mata ke sa hannu in sun yi ƙunshi, bayinsu na ba su fura a baki. Ya tambaya aka ce ai su ne masu dabara: ba sa taɓa ruwa, ba sa taɓa aiki, sai yatsu biyar sun cika. Da ya dawo ya tarar da ɗaya daga cikinsu wurin Yalwa, yana taya randunanta da abin da bai kai kuɗin karan gashi ba, don ya shiga da su ciki ya sayar.

Ta ce, "Gara a fasa a gabana." Da mutumin ya tafi ta zauna, sarki ya ga tana share ido da gefen zane.

Ya ce, "Inna, ke me ya hana ki huta wa hannunki har ki samu?"

Ta ce, "In huta su ci me? Na bi ƙofofin nan har ƙafata ta san hanya da kanta. Kafin in kai ta ƙarshe, yumɓu ya cinye ta farko."

Ran nan ya duba babban yatsansa. Jan ya koma kamar ruwan goro. Ya so ya naɗe hannun ya zauna, amma ciki ba ya jin rarrashi, dole ya koma cikin yumɓu.

Wata ya tsaya. Da safiyar ranar kasuwa hadari ya taru a gabas, iska na kawo ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri mai nisa. Sarki ya ruga zauren Waziri ya zura hannu ta taga. Ya ji yatsun Wazirinsa, mutumin da suka tashi tare, sun juya masa hannu da ƙyanƙyami.

Murya ta fito daga ciki: "Na farko ya goge, na biyu ma ya bi shi. Koma ka faro."

Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɗora mini, aiki ne ya cinye."

"Doka ba ta ce a duba abin da aka taɓa ɗorawa ba. Na baya ya matso."

Ya tsaya a bakin tagar nan hannunsa a sake, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Babu wanda ya zalunce shi, babu wanda ya nemi toshi. Kowa ya bi abin da aka ce ya bi, ba ragi ba ƙari.

Ya isa ƙofar gari daidai da isowar dogarai da kulakensu. Yalwa na tsaye gefen randunanta ta harɗe hannuwa. Babban dogari ya fara da abin da ke bakin layi, wato kaskon sarki, da ya ajiye tare da randunanta. Bugu ɗaya ya tarwatse. Sarki bai san sa'ad da ya ƙwalla ƙara ya durƙusa a kan tsingaron ba.

Yalwa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Yi haƙuri, ɗan nan. Na farko ne mai zafi. Kana sabawa."

Kulki ya sauka a kan randarta ta farko, ya sauka a kan ta biyu. Sarki ya miƙe ya fizge rawaninsa ya daka tsawar da duk birnin ya sani. Dogarai suka zube ƙasa.

Ya juya ga Yalwa, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Inna, ni ne na fasa miki kaya, yau da sauran shekarun da ban sani ba. Faɗi abin da kike so."

Ta dube shi, ta rasa ko ta durƙusa ko ta tsaya. Can ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ba kyauta nake so ba. A ƙwanƙwasa randata. In ta yi muryar mai tsagu a fasa, in ta yi ƙara a bar ni in wuce."

Sarki ya aika aka zo da masu ƙofofin nan biyar, ya zaunar da su a tabarma guda a gaban jama'a. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa randa. Ta ɗauki ƙara mai zurfi, ta daɗe tana amsawa kafin ta yi shiru. Ya ce, "Ga izininta. Daga yau nan za ku riƙa zama ranar kasuwa, ku duka, a wuri ɗaya. Ku dubi fuskar mai nema, ku dubi aikinsa, ku sallame shi a zama guda, kuma abin da kuka ba shi ba ya gogewa sai in shi ya ɓata shi da ha'inci." Waziri ya dubi hannun sarki, ya gane shi, ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba.

Sannan sarki ya ce a yi masa gammo. Yalwa da kanta ta taya shi ɗaukar randar, ya shiga da ita kasuwa a kansa, tana biye tana cewa ya bi a hankali kada ya fasa mata.

Da yamma ya je yi wa Malam Arzika godiya, ya ce, "Malam, na gina ƙofa don in hana ɓarawo, ashe mai gida na kulle a waje. Yaya zan gane doka mai adalci kafin ta cuci wani?"

Tsohon ya ce, "Ya sarki, kada ka aza wa talaka dokar da ba ka gwada ɗauka da yunwa a cikinka ba. Adalci ba a aunawa daga kan karaga, daga bakin taga ake auna shi."