Kati Ɗaya, Karnuka Biyu

Akwai wani direban babbar mota da duk layinsu ke kira Ba Komai, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Taya ta suɗe, ba komai. Birki na kuka, ba komai. Mutum ne mai kirki da saurin tausayi, amma irin kirkin nan da ke cin abinci ya bar wa wani wanke-wanke.

Mai wanke-wanken kuwa ita ce ƙanwarsa, tela ce da ke ɗinki a ɗakin ƙofar gidan mahaifinsu. Shi ya sa mata suna Hukuma, saboda ita ke ajiye duk takardun gidan a cikin wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin teburin keken ɗinki. Ta sha gaya masa takarda ba ado ba ce, shi kuma ya sha yi mata dariya.

Mahaifinsu, Baba, tsohon maigadi ne da kunnuwansa suka mutu shekara shida da suka wuce. Yana da wani jan kare mai farin ƙirji da yake kira Kunne, don shi ke ji masa. In an ƙwanƙwasa ƙofa, Kunne zai zo ya dangwari gwiwarsa da hanci. In mota ta taho ta bayansu a titi, sai ya tura shi gefe da kafaɗa. Duk shekara, idan masu allurar rigakafi suka zo da motarsu, Hukuma ce ke jan karen ta kai shi, a buga hatimi a katinsa, ta mayar da katin cikin gwangwani. Wannan katin shi kaɗai ne shaidar an yi wa Kunne allura.

Wata rana Ba Komai ya dawo daga tafiya da labari. A wata tashar manyan motoci, can ƙetaren iyaka, ya ga wani kare da aka yar, duk haƙarƙari a waje, ga rauni a cinya. Tafiya uku ke nan yana ba shi abinci, yanzu kuma masu tashar sun ce za su sa masa guba. Ya tambaya a bakin iyaka, an ce sai da katin rigakafi, in babu kati sai an killace karen na tsawon makonni kafin ya shigo. Shi kuwa ba shi da lokacin wannan dogon turanci.

Sai ya gyara zama ya ce ai karen ja ne, har da ɗan fari a ƙirji, kamar an tsaga kara da Kunne. Katin kuma babu hoto a jiki.

Hukuma ta tsayar da keke ta dube shi. Ta ce masa ba ta hana shi taimako ba, amma ya bi hanya: a yi wa karen allura a can, a killace shi, in lafiyarsa ƙalau ya kawo shi. Ta ce ciwo yana kwanciya a jikin dabba makonni ba a gani, kuma babu wanda ya san abin da ya yi masa raunin nan na cinya.

"Ke dai komai sai kin mai da shi shari'a," in ji shi. "Aro ne na kwana huɗu, Hukuma. Ba komai."

"Ban bayar ba, Yaya."

Ya yi dariya ya tashi, ta ɗauka magana ta mutu. Bayan kwana biyu ta je kasuwa sayen zare, ta dawo ta tarar murfin gwangwanin a karkace. Ba ta ma tsaya dubawa ba. Ta kira wayarsa sau bakwai, sau bakwai tana ta ringi ba a ɗauka.

Ranar da ya dawo, da karen ya dawo, yana ta washe baki kamar wanda ya ceto gari. Ya nuna mata katin daga nesa. An buga masa hatimin iyaka, ga sa hannunsa a ƙasa, yana shaida cewa karen da ke cikin motarsa shi ne mai katin. Ta miƙa hannu, ya ce a bari a wurinsa tukuna ko za a tambaye shi a hanya, ya jefa shi aljihun mota.

Haushi ya cika ta har wuya, amma aikin gama ya gama. Abin da ta roƙa ɗaya ne, a ɗaure baƙon kare a bayan gida shi kaɗai, da kwanonsa daban, har a kira likita ya gan shi. Ba Komai ya ce to. Ya ɗaure shi kwana biyu, a na uku ya ce kukan na damunsa, kuma zalunci ne ka ceto dabba ka zo ka mai da ita fursuna. Ya kwance igiya, ya hau motarsa ya tafi. Shi ke nan fa, an bar Hukuma da kare biyu a tsakar gida suna lasar kwano ɗaya.

Gaskiya karen bai da laifi. Ya yi ƙiba, raunin ya warke, yana kaɗa wa kowa wutsiya. Duk dawowar da Ba Komai zai yi sai ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya tambaye ta, cikin tsokana, ko Hukuma ta ga ciwon da take nema. Ita dai sai ta ci gaba da taka kekenta.

A mako na biyar ne karen ya canza. Ya daina cin abinci, ya koma maƙalewa a bayan randa. Da safe ta gan shi yana tauna ƙafar benci, yawu na zuba, idanunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kunne ya matso ya shinshine shi kamar yadda ya saba, sai kawai baƙon ya damƙe shi a kafaɗa. Baba na zaune a kan kujerarsa, bayansa gare su, bai ji komai ba.

Hukuma ba ta san inda ƙarfi ya zo mata ba. Ta ɗauki doguwar tsintsiya ta kora karen cikin ɗakin ajiya, ta ja ƙofa ta sa sakata. Ta sa safar roba ta wanke wa Kunne ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, sannan ta kira asibitin dabbobi. Bayan su ta kira yayanta, kuma wannan karon ya ɗauka.

Da yake yana gari a ranar, ya iso daidai lokacin da ma'aikatan ke saka karen a keji. Suka tambaya ko an taɓa yi masa rigakafi. Hukuma na can ciki tana fahimtar da Baba da hannu abin da ya faru. Ba Komai ya ga in ya ce a'a, za a tambaye shi yadda ya shigo da shi. Sai ya ruga mota ya ɗauko katin ya miƙa musu, ya ce ga shi nan, allurarsa cikakkiya. Suka tafi da kare, suka tafi da kati.

Kwana uku karen ya yi ya mutu. Gwaji ya nuna ciwon haukan kare ne. Duk mutanen gidan aka jera su a asibiti ana yi musu allura, har Baba da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sannan aka aiko cewa a kawo ɗayan karen da aka ciza, tare da katinsa.

Su uku suka je da Kunne. Ofishin likitar ɗan ƙarami ne, da fanka mai ƙara da tarin fayil a kan teburi. Likitar mace ce mai magana a hankali, kuma da ganin idonta ta gaji. Ta yi musu bayani ba tare da kwana-kwana ba. Karen da aka ciza, in yana da shaidar rigakafi, za a ƙara masa allura a sa masa ido. In ba shi da shaida, doka ta ce a kashe shi, don ba za a yi caca da ran mutanen unguwa ba.

Hukuma ta ce ai Kunne yana da kati, shekara shida tana kai shi da hannunta, kuma katin nasa ne ke cikin fayil ɗin da ke gaban likita. Likitar ta buɗe fayil ta juyo mata da shi. Ta nuna hatimin iyaka, ta nuna sa hannun. Ta ce a rubuce wannan katin na karen da ya mutu ne, mai shi ya shaida hakan a iyaka, ya sake shaidawa a gaban ma'aikatanta. Ta ƙara da cewa saboda wannan katin kwana biyu ba su huta ba, suna ta bin gidajen da aka yi wa karnukansu allura rana ɗaya da shi, don sun ɗauka maganin ne ya lalace.

"Kati ɗaya ne, karnuka biyu," ta ce. "Ni ba zan iya raba shi ba. Sai wanda ya sa hannu ya rubuta mini gaskiyar na waye."

Ba Komai ya tambaya, da ƙaramar murya, me zai biyo baya in ya rubuta. Likitar ta ce dole ta aika wa ofishin iyaka, kuma da wuya su bar masa takardar ƙetarawa. Direban da ba ya ƙetare iyaka kuwa, a kamfaninsu, sunansa mai zaman benci.

Baba bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga wani ma'aikaci ya tsaya a bakin ƙofa da igiya a hannu, ya ga fuskar 'yarsa. Sai ya jawo Kunne tsakanin ƙafafunsa ya riƙe wuyansa da hannu biyu.

Hukuma ta ji kamar ta fashe. Shekaru nawa tana share bayan wannan bawan Allah, tana biye masa don shi ne babba, yau ga inda aka zo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta dube shi sosai.

"Yaya, faɗi mana. Ka ce ba komai. Ina saurare."

Bai ce ba. Ya dubi tsohon, ya dubi karen da ke lasar hannun tsohon. Sannan ya roƙi biro. Ya rubuta komai, tun daga gwangwanin biskit har zuwa ƙaryar da ya yi wa ma'aikata, ya sa hannu, wannan karon a kan gaskiya.

Ba a kashe Kunne ba. An ƙara masa allura nan take, amma saboda maganar ta riga ta cakuɗe, likitar ta ce ba za a sa masa ido a gida ba, sai a kejin asibiti, wata uku cur. Ya cika wata ukun lafiya ya dawo gida, alhamdu lillahi. Sai dai wata uku ba kwana uku ba ne ga tsohon da aka ɗauke wa kunne. Baba ya daina fita titi shi kaɗai. Baƙi su yi ta bugun ƙofa har su gaji su tafi in Hukuma na kan keke.

Takardar ƙetarawa kuwa tun Kunne na keji aka karɓe ta, kamar yadda aka faɗa. Da Ba Komai ya fara yawo a tsakar gida ba aikin fari ba na baƙi, Hukuma ta jawo bencin nan mai taunanniyar ƙafa ta ajiye kusa da kujerar Baba. Ta ce wa yayan nata tunda shi ya ari katin Kunne, sai ya riƙe wa karen aikinsa har ya dawo. In an buga ƙofa ya taɓa gwiwar Baba. In Baba zai fita ya bi shi ta ɓangaren motoci.

Ya zauna, bai yi musu ba. Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, shi kuma hankalinsa na kan waya. Aka sake bugawa, aka kuma sakewa. Sai a na huɗu ya zabura ya taɓa gwiwar tsohon, alhali Baba ya riga ya ga ƙyauren na motsi.

Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Shi Kunne bai taɓa bari a buga sau biyu ba."

Ba Komai ya buɗe baki zai faɗi kalmar da ya saba. Ya hango ƙanwarsa a ƙofar ɗakin ɗinki, almakashi a hannu, tana jiransa. Ya rufe bakinsa ya tashi ya je ya buɗe ƙofar.

Darasi: Tausayi abu ne mai kyau, amma tausayin da ya tsallake rigakafi da killacewa yana iya shigo da ciwo har tsakar gidanka, kuma wanda bai ji ba bai gani ba shi ke fara biya. In za ka ɗauko kare ko wata dabba daga wani yanki, ka kai ta wurin likita, ka ware ta har lokacin da aka ɗibar mata ya cika, kuma kada ka taɓa ara mata takardar wata. Ku tura wannan ga duk wani Ba Komai da kuka sani, don kowane gida akwai nasa.