Ranar da Hannun Dakta Tukur Ya Yi Rawa

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah likitan fiɗa, ana ce masa Dakta Tukur. Shekara ashirin da biyu yana tiyata. Har daga ƙauyuka ake zuwa ana cewa, "Mu dai hannun Tukur muke so."

To, ku saurara. Sai Allah ya jarrabe shi ta wannan hannun. In ya ɗauki kofin shayi sai ya ga yana kaɗawa. Ya ce gajiya ce. Wata huɗu yana ce wa kansa gajiya ce, ko matarsa bai gaya wa ba.

Wata safiya aka kawo wani maƙeri, hanjinsa ya murɗe. Aka yi masa allurar barci, Dakta Tukur ya buɗe cikin. Yana isa kusa da wata babbar jijiya, inda kuskure kamar tsinin allura ya isa ya kashe mutum, sai yatsunsa suka kama rawa. Babu wanda ya lura. Daga shi sai Ubangijinsa.

Zuciya ta ce masa, "Ci gaba mana! Sau nawa ka yi wannan aikin? In ka faɗa, sunanka ya zube." Jama'a, wa zuciya ba ta taɓa yi wa irin wannan raɗar ba?

Ya dubi maƙerin nan a kwance, wanda bai san ma abin da ake ciki ba. Sai ya juya ga Dakta Balaraba, likitar da shi ya koya mata aiki.

"Balaraba, zo ki karɓi wuƙar nan."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni? Kana tsaye?"

Ya ce, "Hannuna ya daina jin maganata. Ki yi aikin, ina nan kusa da ke."

Ta karɓa. Yana bayanta yana cewa, "A hankali. Matsa hagu kaɗan. Yauwa, ɗaure nan." Awa biyu suna haka har aka ɗinke. Da maƙeri ya farfaɗo, tambayarsa ta farko ita ce ko an kashe masa wutar maƙera. Dakta Tukur ya yi dariya har da hawaye, ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Washegari ya kai wa shugaban asibiti takardar ajiye aiki, ya faɗi gaskiya duka. Shugaban ya karanta ya ce, "Wuƙa kam ka ajiye ta, Dakta. Amma Balaraba ta ce abin da ta koya jiya a awa biyu ya fi na shekara. Kwalejin likitoci na neman malami."

Haka ya koma aji. Shekara bakwai yana koyarwa, aka naɗa shi shugaban kwalejin. Doka ta farko da ya kafa: duk likitan da ya ce "a taimake ni," kada wanda ya kuskura ya kunyata shi.

'Yan'uwa, faɗin gaskiya a kan rauninka ba ya rage maka arziki. Kai direban da idonka ya fara dushewa, ke ungozomar da karɓar haihuwa ya fi ƙarfinki, rayukan mutane amana ne a wuyanku. Ku buɗe baki ku faɗa tun kafin a yi asara. Wanda ya bar abu don Allah, Allah ba zai bar shi a rana ba. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan kanmu ne.