Maganin da Bawa Ya Zubar

Akwai wani makiyayi mai suna Atiku da ke zaune kusa da Wurogauri, a shekarar da ciwon bushiya ya shigo yana kwashe shanu garke-garke. Atiku mutum ne mai zargin tsiya. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya tunanin abin da kake nema.

Malamin dabbobin da aka turo Kalgo kuwa Bawa ne, Kirista daga Zuru. Tun kafin su haɗu Atiku ya sa masa ido.

Ranar rigakafi, babur ya lalace wa Bawa a hanya, bai iso rugar Atiku ba sai da rana ta take. Ya buɗe kular da ke riƙe wa maganin sanyi, ya sa hannu ciki. Sai ya zagaya bayan wata tsamiya, ya tona rami ya zubar da maganin kaf. Atiku na laɓe yana kallo.

"Malam, mi kaka yi nan?"

"Ƙanƙarar ta narke, Baffa. Maganin ya mutu. Ka ba ni kwana biyu in kawo wani."

"Ni ban ga abin da ya same shi ba."

"Ba a gani da ido," in ji Bawa. "Da na yi wa shanun allurar na tsaga kunnuwansu alamar an yi musu, ba wanda zai gane. Amma a coci an koya mana cewa Allah ba ya gyangyaɗi, kuma babu inda mutum zai ɓuya masa. Ya ga abin da ke cikin kular nan."

Atiku bai yarda ba ko kaɗan. A ransa ya ce so ake a bar shanunsa su ƙare. Washegari ya aika Gwandu aka zo masa da wani mai yawo da kwalaben allura a aljihun riga. Ya ware manyan shanunsa, waɗanda ya fi ji da su, aka yi musu, aka tsaga kunnuwa.

Bawa ya dawo ranar da ya ce, da sabon magani cikin ƙanƙara. Ya roƙi Atiku ya bari a sake wa manyan. Atiku ya ƙi, ya tura masa ramammu da 'yan maruƙa kawai, wai a gwada a gani.

Kafin wata ya cika bushiya ta shigo rugar. Manyan nan suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Atiku yana tsaye ba abin da zai iya. Ramammun ko ɗaya bai kwanta ba. Wallahi abin ya ba kowa tausayi.

Atiku ya je Kalgo da ƙwaryar nono, ya ajiye gaban Bawa.

"Kai ka ji tsoron Wanda ka ganinka," ya ce. "Ni kau na tsaya ga tsagar kunne."

Darasi: Allah Mai gani ne, ba ya barci, kuma ba a ruɗinsa. Wanda ya san haka zai riƙe amana ko ba kowa a wurin, don haka kada zargi ya sa ka kori irinsa. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.