Fuskar da Aka Matse

An ce wai a wani gari da ke gindin dutse an yi wani alƙali mai suna Malam Hambali, mutum mai jinkirin magana, wanda in aka miƙa masa shaida yakan fi duba gefenta fiye da tsakiyarta. Mutanen garin kan yi masa tsiya a bayan ido, su ce kafin ya gama duba takarda ɗaya mai ƙara ya yi furfura. Amma ranar da al'amari ya cakuɗe, zaurensa suke nufa.

A garin akwai wata tsohuwa, Inna Tasalla, wadda ta yi suna wajen saƙar faifai. 'Ya'ya biyu suka rage mata, Furera da ƙanenta Tanimu. Wata shekara Tanimu ya tafi ci-rani kudu, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da shirun ya yi yawa, sai uwar da 'yar suka ɗauki hotonsa guda ɗaya tilo da suke da shi, wanda yake zaune a ƙofar ɗakin uwar, ga faifai rataye a bango bayansa, suka kai wa Sabitu mai gyaran hoto a kwamfuta don ya buga musu takardar cigiya.

Shi kuwa Sabitu gurbin hoto ɗaya yake da shi a kwamfutarsa na takardun cigiya, dogo siriri mai lanƙwasa a sama kamar ƙofar zaure, hoton Tanimu kuma mai faɗi ne. Ya ce sai an yanke gefe da gefe kafin ya shiga. Inna Tasalla ta dafe masa hannu ta ce, "Kada ka yanke mini ɗa. An raba ni da shi dukansa, ba za a rage mini ko kafaɗarsa ba."

Sabitu bai iya musu da hawayen tsohuwa ba. Ya kama gefen hoton da linzamin kwamfuta ya yi ta turawa ciki, kumatu suka shige, kafaɗu suka tsuke, har hoton ya zauna daram a gurbin ba a yanke ko zare ba. Aka buga, aka lilliƙa a tashoshin mota gari-gari. Furera ta ce fuskar ta yi tsawo, uwar ta ce idon Furera ne. Asalin hoton kuwa, damina ta yi musu yoyo ta cinye shi. Takardar cigiyar ce ta rage a bangon ɗakin Inna, ita take gaisarwa da safe, ita take ba labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, har shekaru suka shuɗe.

Ran nan da azahar, rana na tsakiyar ka, awakin gidan Inna suka yi tsit gaba ɗaya. Aka yi sallama a ƙofa da wata murya siririya. Furera ta leƙa. Ga mutum tsaye, fuska doguwa, kafaɗu a tsuke, kamar an ɓamɓaro takardar bango an tsayar da ita. Inna Tasalla ta fito ta rungume shi tana kuka tana kiran Tanimu.

Baƙon ya zauna a gidan. Bai san sunan kowa ba sai an faɗa, ya ce ciwo ne ya shafe masa tunani. Amma duk abin da Inna ta taɓa faɗa a ɗakinta ita kaɗai, ya sani. Furera ta lura ba ya waiwaye, in an kira shi sai ya juyo da jikinsa duka, kuma ba ta taɓa ganinsa ta gefe ba. Maɓallan rigarsa ma dogaye ne kamar 'ya'yan kabewa. Tsoro ya hana ta sakewa a gidan da aka haife ta.

Sai ya fara cewa zai tafi da Inna inda yake zaune. In an tambaye shi ina ne, ya ce, "Babu nisa. Akwai ɗan wuri a gefena, zai ishe ta." Inna ta ɗaure kayanta. Da Furera ta ga da gaske uwarta za ta bi wanda ba a san asalinsa ba zuwa inda ba shi da suna, sai ta ja mayafi ta nufi wurin alƙali.

Aka taru. Furera ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na goya Tanimu a bayana. Wannan ba ƙanena ba ne. Ban san ko wane ne ba, amma in ya fita da Inna daga garin nan, na san ba zan ƙara ganinta ba."

Inna Tasalla ta zaro takardar cigiyar daga cikin zanenta ta shimfiɗa. "Malam, dubi nan, ka dube shi. Uwa ce za a koya wa fuskar ɗanta?"

Maƙwabta suka rabu biyu, kuma mafi yawansu, da yake takardar suka saba gani a tasha, suka ce shi ne. Baƙon yana zaune yana fuskantar alƙali sak, ko ƙiftawa ba ya yi.

Malam Hambali ya ga inda aka sa shi. Tsohuwa ce mai hankalinta ta amsa ɗanta, ga hoto ya goyi bayanta. In ya hana ta tafiya alhali ɗanta ne, ya raba uwa da ɗa karo na biyu, wannan karon da hannunsa. In ya bar ta alhali ba shi ba ne, shi ya miƙa ta. Ya ɗauki takardar ya yi ta kallo, har masu tsiyar nan suka fara taɓa juna. Can ya ɗora yatsa, ba a kan fuskar ba, a kan bangon da ke bayanta.

"Inna, wannan abin da ke rataye, mene ne?"

"Faifai ne. Ni na saƙa shi."

"Ashe haka kike saƙa faifai, dogo kamar ƙwai? Ni da na ji ana yabon hannunki."

Tsohuwa ta harzuƙa, har ta manta gaban wa take. "Malam, ka tambayi garin nan kaf! Tun ina budurwa karkataccen faifai bai taɓa fita daga hannuna ba."

"To, an yi wa faifanki ƙarya a takardar nan, kuma ba zan yi hukunci da shaidar da ke ɗauke da ƙarya ba sai an gyara ta."

Ya aika aka zo da Sabitu da kwamfutarsa, aka yi sa'a hoton da aka matse yana ciki. Alƙali ya sa aka rufe fuskar da ɗan ƙyalle a kan allon, faifan kaɗai ake gani. Ya ce wa Sabitu, "Ka cire hoton daga gurbin nan naka, ka ja gefensa a hankali. Ba ni zan ce ka tsaya ba, ba Furera ba. Mai faifai ce za ta faɗa."

Sabitu ya kama gefen hoton ya fara ja. Inna ta matso da ido. "Ƙara. Ƙara dai. Kai yaro, wannan ai har yanzu gwanda ce. Ƙara kaɗan. Tsaya! Yawwa, ga faifaina."

Malam Hambali ya sa hannu ya janye ƙyallen.

Ga Tanimu, da faffaɗar fuskarsa, da kumatunsa irin na ubansa, da kafaɗun da suka saba ɗaukar dami. Maɓallan rigarsa sun koma kewayayyu. Inna Tasalla ta ƙura masa ido. Sannan ta shafa allon da yatsunta ta ce a hankali, "Wayyo ɗana. Ashe na manta ka." Wallahi duk mai zuciya a wurin sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ta juya ta dubi baƙon, ta ja da baya har ta jingina da Furera.

Alƙali ya ce, "Bawan Allah, ban san ko kai wane ne ba, kuma ban ɗora maka abin da ban gani ba. Amma ba da ɗan matar nan ka yi kama ba, da abin da aka matse ka yi kama. Ita da bakinta ta tsayar da hoton, ban sa mata baki ba. Na hukunta ba ɗanta ba ne kai, kuma ba za ta taka ko ƙofar gari tare da kai ba."

Baƙon bai musa ba. Ya miƙe, ya juyo da jikinsa duka wajen tsohuwar, ya ce da siririyar muryar nan, "Inna, ni kike gaisarwa kowace safiya. Ni kika yi ta kira. Shi ai bai amsa ba."

Ƙofar zauren a saye take, 'yar tazarar da ta rage ko kyanwa sai ta matsa kafin ta wuce. Waɗanda ke kusa sun rantse ba su ga an taɓa ƙyauren ba, amma da aka duba babu shi a ciki, aka leƙa waje babu shi a hanya. Wasu sun ce mayaudari ne da ya ga takarda a tasha ya ga ta yi kama da shi. Ni dai ban ce komai ba, abin da na sani shi ne awakin gidan sun ci gaba da kukansu tun daga yammacin ranar.

Malam Hambali ya ƙara da umarni ɗaya: a ciccire tsoffin takardun, a buga sababbi da fuskar gaskiya, in gurbi ya ƙi ɗaukarta a sake gurbi. Ba a jima ba wani direban babbar mota ya zo gidan da sabuwar takardar a hannu. Ya ce ya san fuskar nan. A wani ƙauye na kan hanyar kudu mai ita ya kwanta ciwo, bai iya faɗin garinsu ba har ya cika, mutanen ƙauyen suka yi masa sutura. Tsohuwar takardar kuwa tana manne a tashar ƙauyen tun kafin ya rasu, masu jinyarsa suna wuce ta kullum, ba wanda ya gane shi ne.

Inna Tasalla ta kwance kayan da ta ɗaure. Ta zauna aka yi mata gaisuwar da ta yi shekaru tana jira ba ta sani ba, Furera na gefenta.

Da aka kai wa alƙali labari, sai ya ce, "Ku faɗaɗa wuri ya ɗauki gaskiya yadda take. Wanda ya matse ta don ta shiga inda ya tanada, ita za ta ɓace masa, abin da ya ƙera kuma shi zai zo ya yi masa sallama."