Allon da Ba Ya Jin Hannu Mai Maiƙo

Injiniya Sharfaddeen ya iya aikinsa, wannan babu musu. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya sauraron wanda bai kai shi karatu ba.

Hajiya Kulu ce ta kira shi ya sabunta mata injin matsar man gyaɗa a masana'antarta da ke Tudun Wada. Ya haɗa komai da kwamfuta. Ya cire tsohon ƙarfen da ake ja injin ya tsaya, ya kafa allon gilashi da ake taɓawa da yatsa irin na waya. Kunnawa da kashewa duk suka koma can.

Malam Gwadabe, wanda ya shekara ashirin yana kula da injin, ya matso cikin ladabi.

"Injiniya, da ka bar mana ƙarfen nan. Hannunmu kullum cikin mai yake."

"Baba, zamani ya wuce nan. Ka riƙa goge hannu kawai."

Gwadabe ya koma bakin aikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma babu mai jin ta bakinsa.

Wata Laraba da hantsi, Onyedika mai zuba gyaɗa ya miƙa hannu zai ture wadda ta toshe bakin injin. Injin ya cafke hannun rigarsa ya fara ja.

"Baba Gwadabe! Kashe! Kashe!"

Gwadabe ya ruga ya dangwala allon. Shiru. Ya goge yatsa a riga, ita ma rigar duk mai ce. Ya yi ta bugu da tafin hannu yana salati, gilashin sai ƙara ɓaci yake da maiƙo. Ya kai hannu inda ƙarfen yake a da, bango ya taɓo. Kafin a zagaya baya a kashe janareta, aikin gama ya gama. Hannun Onyedika na dama ya tafi har gwiwa. Abin tausayi, magidanci ne mai 'ya'ya uku.

Bayan la'asar Sharfaddeen ya iso. Ya sa hankici ya goge allon, ya taɓa sau ɗaya, nan take allon ya amsa.

"Ai lafiyarsa ƙalau," in ji shi.

Gwadabe ya ware masa tafukansa biyu suna ƙyallin mai.

"Da waɗannan muke aiki, Injiniya."

Darasin a bayyane yake. Duk na'urar da za ka ƙera, mutum ne zai tsaya a gabanta, da guminsa da firgicinsa. Ka tambaye shi yadda yake aiki kafin ka taɓa komai, domin girman kan mai ƙera na'ura, jikin ma'aikaci ne yake jin zafinsa.