Tayoyin da Ya Zaɓar wa Ƙanin Matarsa

An yi wani mutum a nan cikin Riyad, mutumin Damagaram. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya kuma a cikinmu take girma. Sana'arsa taya. Da faci ya fara a wani banshar, wato shagon taya, a unguwar Sulay, har kafilinsa, mai shagon, ya damƙa masa makulli. In ya shafa taya da tafin hannu, zai gaya maka ko za ta kai ka Makka ko za ta fashe da kai a hanya. A sahun gaba yake salla. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata. Da za a ce a nuna mai zunubi a masallacinsu, ba wanda zai nuna shi.

Ciwonsa ɗaya ne: Bachir, ƙanin matarsa Zouera.

Bachir haifaffen unguwar Shumaisi ne, Larabcinsa ya fi Hausarsa santsi. A wani shagon wayoyi yake aiki. Yana da wata ƙaramar mota ta hannu, da ita yake zuwa aiki, da ita yake kai mahaifiyarsa unguwa, kuma da ita yake shiga wani tsere da ake yi a wani fili a bayan gari. Ba tseren 'yan ganganci ba ne na kan titi, da izini ake yin sa. Ana jera alamun roba, mota ɗaya ta shiga tana lanƙwasa a tsakaninsu, ana duba agogo, in ta fita wata ta shiga. Allah ya ba yaron hannu. Ya ciyo kofi, ya sake ciyowa.

Duk Juma'a sukan haɗu a gidan surukai su ci abinci. Ba wani zance sai na Bachir. Zouera ta miƙo waya ta ce a kalli yadda ƙaninta ya sha kwana. 'Yarsa Nazira ba ta da magana sai ta kawu. Mutumin nan yana murmushi, amma loma biyu yake yi ya tsame hannu.

Ya 'yan uwa, me Bachir ya ƙwace masa? Ya taɓa masa aiki? Ya rage masa abinci? Ko ɗaya. Yabo ne kawai ya sauka a kan wani, shi kuwa zuciyarsa ta kasa ɗauka.

Ana nan sai masu tsere suka ce na gaba a jiƙaƙƙen fili za a yi, tanka za ta kwarara ruwa a kan kwalta. Bachir tuƙi ya iya, taya kuwa ya bar wa mijin yayarsa. Bayan azahar sai ga shi a shago.

Ya ce, "Yaya, na zo ka zaɓa mini taya. Ina son wadda za ta riƙe a ruwa, kuma in iya yawo da ita cikin gari, don ba ni da halin ajiye iri biyu. Duk wadda ka ce, khalas, shi ke nan."

A shagon akwai iri biyu da suka dace da motar. Akwai mai zurfin zane, wadda kwarminta ke watsar da ruwa gefe ta kama ƙasa. Akwai kuma wasu da wani ɗan tsere ya sauya ya bari, robarsu mai laushi, zanensu kaɗan, an yi su ne domin busasshiyar kwalta mai zafi. In suka hau ruwan da ya kwanta, yawo suke yi a kansa kamar faranti. Mutumin nan ya san haka kamar yadda ya san sunansa. Su ya mirgino.

Bachir ya duƙa ya shafa. "Yaya, ba su yi sulɓi da yawa ba?"

"Su manya ke sawa. Ruwan da za su watsa ai ɗan yayyafi ne. Ko ni za ka koya wa taya?"

Bachir ya yi dariya, ya ce a yi masa afuwa, ya sumbace shi a ka irin yadda 'yan ƙasar nan ke yi wa manyansu. Da ya tafi, mutumin ya juya ga Yacouba, abokin aikinsa, ya ce, "Ranar Asabar za a ga rawar mota." Yacouba bai gane ba, ya ci gaba da aikinsa.

A zuciyarsa abin ƙarami ne. Fili ne, ba bango, ba rami. Yaro zai ji kunya, a huta da zancensa. Haka Shaiɗan ke yi, ba ya nuna maka ƙarshen hanya, bakinta kawai yake nuna maka.

Asabar ta zo. Motar Bachir ta juya a kwanar farko, ta sake juyawa, ta watsar da alamun, ya zo na ƙarshe. Wasu suka ɗauka a waya. Mutumin nan ya kalla, ya maimaita, ya ji sanyi a ƙirjinsa. Juma'ar da ta biyo baya ya ci abinci har da ƙari. Bachir kuwa cewa ya yi, "Ni ne ban iya ruwa ba, sai na ƙara koyo."

Nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Da ya ce kawo motar in sauya maka, aikin bai kai a dafa shayi a sha ba. Amma in ya sauya, ai ya yarda ya yi kuskure. Ya ce a ransa, Riyad ce, yaushe ake ruwa? Ya bar tayoyin a jikin motar.

Aka yi 'yan makonni. Wata rana bayan la'asar gari ya haɗe, iska ta taso, ruwa ya kece. Kun san ruwan garin nan, ba ya daɗewa, amma yakan kwanta a titi. Mutumin yana tsaye a ƙofar shago yana kallon yadda yake gudu, sai tayoyin nan suka faɗo masa a rai. Wayarsa na aljihu. Ya ciro ta, ya nemo sunan Bachir, ya tsaya yana tunanin abin da zai ce in an tambaye shi dalili. Ya mayar da ita.

A daidai lokacin Bachir na kan hanya daga Dir'iyya, ya ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Delou, daga barkar suna. Ba gudu yake yi ba. Ya shiga wani wuri da ruwa ya taru, motar ta saki ƙasa, sitiyari ya zama banza, suka bugi shingen titi. Hajiya Delou ba ta kai asibiti ba. Bachir ya karye a baya, likitoci suka ce tafiya sai wani ikon Allah.

Mutumin nan ya ɗauki makara da kafaɗarsa. Ya zauna zaman makoki yana karɓar gaisuwa. Ya je asibiti, Bachir ya kama hannunsa yana kuka.

"Yaya, ni na kashe Inna. Na san ban iya ruwa ba, na ɗauko ta."

Ya 'yan uwa, ku ji abin da ya fito daga bakinsa. Cewa ya yi, "Ƙaddara ce, ka yi haƙuri." Ya bar yaron da wannan nauyi a kan gadon asibiti, ya koma gida.

Amma abin bai ɓuya ba. Uban Bachir ya roƙi Yacouba ya je inda aka jibge motar ya kwaso kayan marigayiya. Yacouba mutumin taya ne shi ma. Ya ga abin da ke ƙafafun motar, ya gane su, maganar rawar mota ta dawo masa. Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya ga ba zai iya haɗuwa da Allah da shi ba. Ya je ya faɗa wa tsohon.

Zouera ba ta yi ihu ba. Da mijin ya shigo ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Baban Nazira, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sani?"

Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, harshe ya ƙi. Ta ɗauki 'yarta ta koma Shumaisi jinyar ƙaninta, daga can ta aiko a ba ta takardarta. Tsohon ya ce ba zai kai ƙara ba, ya bar shi da Allah. Kafilinsa ya karɓe makulli, ya ce ba zai ajiye wanda ke sa wa mutum taya da mugun nufi ba. Labari ya zaga Sulay, ba shagon da ya yarda ya ɗauke shi. Iƙamarsa, wato takardar zama, ta ƙare, ya bar ƙasar. Kafin ya tafi ya je neman gafarar Bachir, yaron ya juya fuska ga bango.

Waɗanda suka je gida sun ce sun gan shi a tasha a Damagaram, ya rame, yana zaune a gefen masu faci. In direba ya tambaye shi wace taya ce mai kyau, sai ya ce bai sani ba.

Ya bayin Allah, mutumin nan bai ɗauki wuƙa ba, bai yi niyyar kisa ba. Hassada ya bari ta kwana a zuciyarsa, aka nemi shawararsa ya ci amana, sannan girman kai ya hana shi gyarawa lokacin da gyara ke da sauƙi. Duk wanda ya zo ya ce maka zaɓa mini, ransa ya ɗora a hannunka, ko kai mai taya ne, ko mai magani, ko mai karantarwa. Ƙofar tuba a buɗe take, ba mu rufe wa kowa ba. Amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, Hajiya Delou kuwa tana kabari.

In akwai wanda ka cuta, kuma yau kana da ikon gyarawa, kada ka kai gobe.

Allah ya kiyaye mu daga hassada da cin amana. Allah ya wanke zukatanmu, ya ba Bachir lafiya, ya jiƙan mahaifiyarsa, ya sa mu tuba kafin lokaci ya ƙure mana. Amin.