Kurege da Karta Ashirin da Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji abin da ta ƙunso.

Kurege ne ya yi shekara bakwai a Kurmi, ya dawo gida ba tsaraba sai karta ashirin da ɗaya. Dangi suka zo sannu da zuwa, suka dubi jaka, suka dubi juna. Kunya ta kama shi, sai ya ce ai aljani ya sayo, a cikin kartar yake kwana.

Ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya. Ka zari karta ɗaya, ka nuna wa Kunkuru don shaida, ka mayar. Sai Kurege ya raba su kashi uku a buɗe, ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya nan, ka nuna kashin da taka take, ya tattara ya sa kashin nan a tsakiya. Haka har sau uku. Ya ƙirga, ta goma sha ɗaya ita ce taka. Ko jaki ya bi wannan tsari sai ta fito, amma Kurege sai ya lumshe ido yana kwarara yaren Kurmi, ana zuba masa gyaɗa.

Ran nan sai ga Kura da cinyar akuya, hannu duk maiƙo. Ta ce in ya gano tata, cinya tasa ce. In ya kasa, shi ne abincin rana. Kunkuru ya ƙyafta masa ido. Kurege ya dubi cinya, ya ce ya yarda.

Kura ta zara, ta nuna wa Kunkuru, ta mayar. Aka raba, ta nuna kashin ƙarya. Aka sake, ta sake. Aka kuma, ta kuma. Dabarar nan kuwa da gaskiyar mai nunawa take aiki.

Kurege na ƙirga. Ya kai tara, ya ga Kura tana sakace haƙori tun ba ta ci ba, Kunkuru kuma ya mai da kai cikin ƙoƙo. Sai Kurege ya dakata da ƙirga.

"Ƙarasa mana, ɗan Kurmi," in ji Kura.

"Gwaggo, karta irin ta manya ba a ƙirga ta. Aljani ya ce yaransa zai aiko."

Ya baza kartar duka a ƙasa, bakin ramin kiyashi, ya zauna yana yare. Jim kaɗan kiyashi suka fito. Suka wuce wannan, suka wuce waccan, suka yi dandazo a kan wadda ta sha maiƙo. Kurege ya ɗaga ta, bakwai ce ja.

Kunkuru ya leƙo ya ce, "Ita ce."

Kura ta dubi kiyashi, ta dubi tsamiya, ta yar da cinya ta bi daji tana a'uzubillahi.

Kurege ya ja cinya da ƙyar, ya kai baki, ya gatsa, ya tofar. Sai a lokacin ya tuna shi mutumin gyaɗa ne.

"Baba Kunkuru, wa zai sayi nama?"

"Sai ka tambayi yaran aljani," in ji Kunkuru, "ga su can sun fara ɗibar ladansu."

Ƙurunƙus kan kiyashi. Wanda zai sa wuyansa a caca, ya fara tambayar cikinsa ko yana cin abin da aka aza. Wanda kuma zai yi ƙarya, ya wanke hannu tukuna.